Gashaka-Gumti ko Dutsen Afi: wanne ya dace da kwanakinka da ƙafarka?

Wanda ya saba da Yankari yakan ɗauka duk gandun namun daji haka yake: a hau mota, a zagaya bakin kogi na sa'o'i biyu, a ga ɓauna da gwambaza, in an yi sa'a a ga giwa, a dawo a faɗa ruwan Wikki. Gandun da ke kan duwatsu ba haka yake ba. A can mota iyakarta gindin dutse, sauran aikin na ƙafa ne, dabbobin kuma suna cikin kurmi, suna ganinka kai ba ka ganinsu. A Najeriya wurare biyu ne suka fi cancanta a yi musu tattaki in ana son irin wannan tafiya: Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, da kuma gandun Dutsen Afi a jihar Kuros Riba. Duka biyun suna kusa da iyakar Kamaru, duka biyun suna da birin cimfanzi iri ɗaya, amma abin da kowannensu yake nema daga baƙo, da abin da yake ba shi, sun sha bamban.

Girman wurin shi ne mafarin bambanci

Gashaka-Gumti shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a 1991 aka haɗe tsofaffin gandaye biyu, Gashaka da Gumti, aka mai da su ɗaya a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ɓangaren arewa, wajen Toungo, fili ne mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi. Ɓangaren kudu, wanda ake shiga ta Serti, shi ne mai duwatsu da kwazazzabai da kurmi, kuma a nan Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419.

Afi ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta. Murabba'in kilomita kusan 100 ne, a ƙaramar hukumar Boki, an ware shi a shekarar 2000, kuma hukumar kula da dazuzzuka ta jihar ce ke riƙe da shi tare da tallafin WCS, ƙungiyar kare namun daji. Ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,300. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Dutse ne mai tsaye da santsi, hanyoyinsa na bi ta kan saiwoyi da manyan duwatsu, kuma sa'a guda ta hawa a Afi takan fi gajiyar da mutum fiye da sa'o'i biyu a kan tudun ciyawa na Gashaka, saboda zafi da gumin kurmi.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, a Afi kana iya ganin abin da ka je gani cikin kwana biyu, a Gashaka kuwa kwana biyu ko ƙofar gida ba ka gama shiga ba.

Me za ka gani da idonka?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka ya kamata a tsaya a kai.

Sunan Afi ya fita ne saboda gorilar Kuros Riba, wadda ta fi kowace irin gorila ƙaranci a duniya. Duka-duka waɗanda suka rage a Najeriya da Kamaru ba su wuce 300 ba, kuma 'yan kaɗan ne daga cikinsu suke kan Dutsen Afi. Ba a saba da su da mutane ba kamar yadda aka yi a Ruwanda da Yuganda, inda ake biyan kuɗi a kai baƙo har gabansu. An daɗe ana farautarsu, saboda haka da sun ji motsin mutum sai su ɓace. Masu gadin dajin da ke kwana a kan dutsen ma sukan daɗe ba su yi ido biyu da su ba. Yawancin hotunan da ake yaɗawa kamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya ne suka ɗauka. Wanda ya hau dutsen abin da zai iya samu shi ne shimfiɗar ganyen da suka kwana a kai, da kashinsu, da ragowar abin da suka ci. In an ce maka za a nuna maka gorila a Afi, a riƙe kuɗinka tukuna.

Abin da tabbas za ka gani yana gindin dutsen, kusa da ƙauyen Buanchor, a wurin da ake kira Drill Ranch. Ƙungiyar Pandrillus, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa, ita ke kula da shi. Suna karɓar marayun birai da aka kashe iyayensu, musamman wani biri da ake kira diril, wanda ba a samunsa a daji ko'ina a duniya sai Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. Baƙar fuska gare shi mai sheƙi da farin gashi kewaye da ita, namijin ya kusan ninka macen girma, bayansa kuma launi-launi ne. Suna zaune garke-garke a cikin kurmi na gaske da aka kewaye da waya mai lantarki, kuma lokacin ba su abinci sukan fito fili gaba ɗaya. Akwai cimfanzi ma a wani shingen. Ba dabbobin da ke yawo sakaka ba ne, amma kuma ba keji ba ne irin na gidan zu, kuma ga mai son kallon yadda garken biri ke zamansa, da wuya a samu wurin da ya fi nan.

Gashaka akasin haka ne. Ba abin da aka killace, don haka ba abin da za a yi maka alkawari, sai dai nau'o'in sun fi yawa nesa ba kusa ba. Gwaggon biri da kirka da wani baƙin biri mai farin geza da doguwar jela ana yawan ganinsu a kewayen ƙauyen Gashaka da hanyar Kwano. A Kwano ne masu bincike suka kafa sansani a shekarar 2000 domin nazarin birai, shi ya sa wasu garkunan gwaggon biri na wurin ba sa gudun mutum. Akwai dorina a wani gurbi na kogin Kam, akwai kada, ɓauna, mazo, gada, gwambaza da aladen daji. Damisa na nan amma sawunta kawai za ka gani. Cimfanzin Gashaka yana daga cikin mafi yawa da suka rage na irinsa, duk da haka abin da baƙo ya fi samu shi ne ihunsu da asuba, ko ƙarar dukan saiwar bishiya da suke yi kamar ganga, ko sheƙarsu a saman reshe. Wanda ya kwana uku a Kwano ya fi wanda ya leƙa da rana ya koma damar ganinsu.

Ga masu tsuntsaye, an ƙidaya sama da iri 500 a Gashaka. Afi kuma yana da abubuwa biyu da suka keɓanta da shi. Na farko wani tsuntsu ne mai sanƙo da masana ke kira Picathartes, wanda ke gina sheƙar laka a jikin dutse. Na biyu tsattsewa ce: daga Turai suke zuwa su yi hunturu, kuma a gangaren ciyawa kusa da garin Boje suna taruwa da yamma da yawan da ya sa ake lissafa wurin cikin manyan makwantansu a Afirka. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris ake samunsu. A isa wurin kafin la'asar sakaliya, domin gab da magariba suke sauka, cikin 'yan mintoci kuma an gama.

Hanya

Mai tasowa daga Kano ko Bauchi zuwa Gashaka zai bi Gombe, Numan, Jalingo, ya kwana. Washegari ya kama hanyar Garba Chede da Bali zuwa Serti, kuma gara ya ware wa wannan yini guda, ko da taswira ta nuna masa kusa ne, saboda ramuka da shingayen bincike. Akwai filin jirgin sama a Jalingo ga mai son rage hanya. A Serti ake biyan kuɗin shiga, a karɓi izini, a haɗa mutum da ma'aikacin gandu. Ba a shiga ba tare da shi ba, kuma wannan ba ƙa'idar takarda ba ce kawai: dajin na fama da mafarauta da masu saran katako da masu haƙar ma'adinai ba bisa izini ba, ma'aikatan ne suka san inda ake bi a wannan makon da inda ba a bi. Tun 2017 gidauniyar ANI, mai aikin kare dazuzzuka da namun daji, ke tafiyar da gandun tare da hukumar gandayen ƙasa bisa yarjejeniyar shekara 30, saboda haka ta ɗayansu ake neman bayani kafin a taso. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanyar ƙasa ce da ke tsallaka koguna, sai mota irin Hilux mai jan ƙafa huɗu ko babur.

Afi kuwa, ɗan arewa ba ya bukatar zagayawa ta Kalaba. Daga Abuja a bi Lafiya, Makurɗi, Gboko, Vandeikya, a faɗa garin Obudu. Daga nan hanyar da ta nufi Ikom ita ce ta ratsa ƙasar Boki, sai a sauka daga kwalta a bi hanyar ƙasa zuwa Buanchor. Wannan guntun na ƙarshe gajere ne amma shi ne mai wahalar, jar laka ce da ƙananan gadoji. A 2012 ruwa ya jawo zaftarewar ƙasa mai tsanani a yankin, ya lalata gadoji da gonaki, kuma har yanzu duk damina hanyar na canja kama. A tuntuɓi Pandrillus kafin a je, domin ɗakunan kwanansu kaɗan ne, kuma su za su faɗa maka ko ƙaramar mota za ta shiga.

Abin da ke kewaye da kowanne

A nan Afi ya yi zarra wajen sauƙi. Wuraren kallon da ke kusa da shi duk a kan hanya ɗaya suke, kamar an jera su. A arewa akwai wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu, a ƙaramar hukumar Obanliku, sama da mita 1,500, wanda ya faro a matsayin gonar kiwon shanu a 1951. Daga gindi zuwa sama kilomita 11 ne na kwana-kwana, lanƙwasa fiye da 20. A 2005 aka kafa motar igiya mai tsawon kusan kilomita 4 da ke ɗaukar mutane ta sama, sai dai ta sha tsayawa na dogon lokaci, don haka kada a gina tafiya a kanta sai an tabbatar tana aiki. A saman akwai ɗan kurmin Becheve mai gadar igiya a tsakanin bishiyoyi. A kudu kuma, kusa da Ikom, akwai matsirgar ruwa ta Agbokim mai rassa bakwai, da duwatsun Ikom, wato sassaƙaƙƙun duwatsu masu fuskar mutum da zane-zane, kusan 300 a warwatse cikin ƙauyuka, waɗanda aka fi zuwa gani a Alok. Tun 2007 suna cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO. Kowanne daga cikin waɗannan rabin yini ya ishe shi.

Maƙwabcin Gashaka ɗaya ne, amma babba ne: tsaunin Mambila. Daga Serti a wuce Mayo Selbe a fara hawa, a bi Maisamari da Nguroje har Gembu. Sama da mita 1,500 ake zaune a can, tudun ciyawa iya ganinka, da shanu, da layukan bishiyar turare. Akwai gonar ganyen shayi a Kakara inda ake yin Highland Tea, akwai kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda shi ma yana da cimfanzi da sansanin masu bincike. Masu son taka ƙololuwar Chappal Waddi da yawa ta ɓangaren Nguroje suke bi, domin an riga an hau fiye da rabin tsawon da mota. Ta cikin gandun daga Gashaka tafiya ce ta kwanaki masu yawa da tanti da 'yan dako. A cikin gandun kansa akwai kufan sansanin Jamusawa a kan tudu kusa da Gashaka. Yankin yana cikin Kamarun Jamus kafin yaƙin duniya na farko, daga baya ya koma hannun Ingila, sai da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama Najeriya. Sunayen wuraren ma labari ne: mayo kogi ne da Fulatanci, hendu kuma iska, shi ya sa wanda ya kwana a kan tsaunin Chappal Hendu ba ya tambayar dalilin sunan.

Hawan Mambila da na Obudu matsalarsu ɗaya, kuma wajen saukowa take. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Birkin ya yi zafi, man birki ya tafasa, sai a taka a ji fayau. A sauko da lamba ɗaya ko biyu, inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan. In aka ji warin ƙauri a tsaya minti 20 zuwa 30 ya huce, kada a watsa masa ruwa. A duba man birki da ruwan lagireto tun a Serti ko garin Obudu.

Lokacin zuwa

Gashaka na rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika, hanyar cikin gandun ta yanke, ciyawa ta fi mutum tsawo. Aibin Disamba da Janairu shi ne hazo, wanda kan rufe duwatsun har hoto ya ƙi kyau. Amfaninsu kuma sanyi, tafiya ba ta cin rai. Fabrairu da Maris sun fi zafi a ƙasa, amma ruwa ya ja baya, dabbobi sun fi matsowa bakin kogi.

Afi yana da ɗan rikici. Agbokim da ruwa take kyau, da rani wasu rassan kan ƙafe su koma zirara. Hanyar Buanchor da hawan dutsen kuwa da rani suke yiwuwa. Tsattsewa sai Nuwamba. In aka haɗa waɗannan, Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa ya ɗauke, matsirga ba ta ƙafe ba, tsuntsayen sun iso. Ƙarshen rani lokacin gobarar daji ne a gefen dutsen, ruwan sha ma yakan yi wuya a sama.

Ci da sha, harshe da salla

Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A Serti da Nguroje da Gembu Hausa da Fulatanci ake ciniki da su, masallatai ko'ina, nama yankan Musulmi ne, ma'aikatan gandun da 'yan dako da yawansu suna jin Hausa. A ƙauyukan Boki sai Turancin buroka, kuma ba a sayar da dafaffen abinci a sansanin Drill Ranch yadda ake yi a otal, mutum ke zuwa da kayansa ya dafa. A yi cefane a Ikom ko Obudu, inda akwai 'yan kasuwa Hausawa da mahauta. Ko a wane ɓangaren, kada a sayi naman daji a bakin hanya. Ban da batun yanka, cinikin nan shi ne ya mai da birai marayun da ka je kallo.

Kayan da za a ɗauka kusan ɗaya ne. Ruwa lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a ranar hawa, da maganin tace ruwa ko tukunyar tafasawa in za a kwana a daji. Takalmi mai tauri wanda aka riga aka saba da shi, domin sabon takalmi kan yi wa mutum kanta tun ranar farko, da safa mai kauri da za a cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa. Riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko kore. Shuɗi da baƙi suna jawo tsando a bakin kogunan Gashaka. Gidan sauro da maganin zazzaɓi. Rigar sanyi ta gaske, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma daren Mambila da na Obudu kan ba ɗan Sakkwato mamaki. Tsabar kuɗi, saboda sabis na waya na ɗaukewa, ga kuɗin shiga da na ɗan jagora da na 'yan dako da na babur duk hannu da hannu ne. A yi cinikin ɗan dako kafin a tashi: nawa a yini, wa zai ciyar da shi, kilo nawa zai ɗauka. Rashin yin haka shi ne kan jawo rigima a tsakiyar daji. Mai mura ko tari kuma ya haƙura da matsawa kusa da birai, domin cimfanzi na kamuwa da cututtukan numfashi na mutane, kuma abin da zai kwantar da kai kwana uku shi yana iya kashe shi.

To, wa ya kamata ya je ina?

Mai kwana biyar ko shida, ko mai tafiya da iyali da yaran da suka fara wayo, ko wanda ba zai ji daɗi ba in ya dawo bai ga dabba ido da ido ba, Afi ne nasa: kwana ɗaya a hanya, biyu a Buanchor, ɗaya a Ikom da Agbokim, ɗaya ko biyu a Obudu. Ba dole ne ya hau dutsen ba ma. Hawan na masu ƙarfin gwiwa ne, kuma ladansa kurmi ne da shiru, ba gorila ba.

Mai kwana tara zuwa goma, mai lafiyar ƙafa, wanda kwana a tanti da wanka a rafi ba sa damunsa, ya tafi Gashaka. Huɗu daga cikin kwanakin hanya za ta cinye su, zuwa da dawowa. Sauran a raba: uku tsakanin Gashaka da Kwano, biyu ko uku a Mambila. Wanda ya matse wannan cikin kwana biyar zai dawo da gajiya da hoton kwalta kawai. In da tsofaffi ko ƙananan yara a tafiyar, a bar cikin gandun, a wuce Mambila kai tsaye, ko kuma a koma Yankari, wadda aka shirya ta domin irin wannan.

Akan yi sha'awar haɗa biyun a tafiya ɗaya, tunda a taswira suna kusa, kuma akwai hanya ta Takum da Katsina-Ala da ke haɗa Taraba da arewacin Kuros Riba. Yankin ya sha fama da rikici da tare hanya, saboda haka sai an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, a bi shi da rana tsaka, kuma kada a fara lissafin haɗawar in kwanakin hannu ba su kai mako biyu ba.